Fashin baƙi: Wasannin tuƙi na waya da kwamfuta, da gaskiyar riƙe sitiyari a hanyar Keffi

Keffi, Jihar Nasarawa

Garin Keffi mahaɗar hanyoyi ne. Motar da ta taso daga Abuja za ta Akwanga, Lafiya, Makurɗi ko Jos ta nan take bi, haka ma wadda ta nufi garin Nasarawa da Toto. Tazarar garin da Babban Birnin Tarayya kimanin kilomita 50 ce, kuma aikin tagwaita hanyar Keffi zuwa Makurɗi, mai tsawon fiye da kilomita 200, wanda kamfanin China Harbour ya gudanar, ya samar da kwalta mai faɗi da ke jan ƙafar direba zuwa ga totur.

Keffi kuma garin ɗalibai ne, albarkacin Jami'ar Jihar Nasarawa da sauran makarantu. Kamar takwarorinsu na sauran garuruwa, matasa da dama a nan sun fara juya sitiyari ne a fuskar waya ko a gidan gem, tun kafin su taɓa zama a kujerar direba. Wasu sun tuƙa bas a Bus Simulator Indonesia, wasu sun ja tirela a Euro Truck Simulator 2, wasu kuma sun yi tsere a Need for Speed ko Gran Turismo.

Tambayar da iyaye da malaman tuƙi ke yi ita ce: nawa ne gaskiya a cikin wannan tuƙi, kuma me zai faru ranar da mai wasan ya karɓi makullin mota ta gaske? Tambayar tana da nauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, cewa su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

Amsar a taƙaice ita ce, wasanni mafi inganci sun kai matuƙa wajen lissafa abin da ke faruwa tsakanin taya da kwalta. Sai dai lissafin nasu an gina shi ne a kan lafiyayyar mota, lafiyayyar hanya, da direban da ba abin da zai same shi. Waɗannan sharuɗɗa uku kuwa ba kullum suke cika ba tsakanin Masaka da Garaku.

Wasannin iri biyu ne

Masu harkar sun raba wasannin tuƙi gida biyu. Kashi na farko na nishaɗi ne zalla, kamar Need for Speed, Asphalt da Grand Theft Auto. A cikinsu mota na shiga kwana da gudun kilomita 200 a sa'a ta fita lafiya, ta daki bango ta ci gaba da tafiya. Masu shirya su da gangan suke karya dokokin motsi, domin abin da suke sayarwa shi ne jin daɗi.

Kashi na biyu su ne masu ƙoƙarin kwaikwayon mota kamar yadda take. Tarihinsu ya ɗan yi nisa. A 1989 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Hard Drivin', na'urar da ke da makulli, kuloci, giya da sitiyarin da ke ja da hannun mai wasa. A 1997 Gran Turismo ya fito a Japan ƙarƙashin jagorancin Kazunori Yamauchi, da motoci na gaske da kowace ke da nata nauyi da ƙarfin inji. Daga baya aka samu iRacing a 2008, Euro Truck Simulator 2 na kamfanin SCS Software da ke Jamhuriyar Cek a 2012, Assetto Corsa na Italiya a 2014, da BeamNG.drive na Jamus, wanda ke lissafa motsin kowane sashe na jikin mota har sau 2,000 a cikin daƙiƙa ɗaya.

Saka kalmar kwaikwayo a sunan wasa ba ya tabbatar da ingancinsa. Yawancin wasannin waya suna ɗaukar sunan kashi na biyu amma halinsu na kashi na farko ne, saboda ƙarfin waya da girman fuskarta ba sa ba da damar fiye da haka.

Daga sitiyari zuwa taya

A ƙaramar mota, sitiyari na yin zagaye biyu da rabi zuwa uku daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. A manyan motoci ya fi haka, wasu har zagaye biyar. Injiniyoyi sun tsara shi ne yadda sai direba ya juya sitiyari kimanin digiri 15 ko 16 kafin tayar gaba ta karkata digiri ɗaya. Wannan ne ke ba hannu damar gyara hanya da ɗan motsi kaɗan ba tare da mota ta fizge ba.

Akwai kuma wata hikimar da ta girmi mota kanta. A cikin kwana, tayar gaba ta ciki tana bin da'ira ƙarama, ta waje tana bin babba, don haka dole ta ciki ta fi karkata. Wani maƙerin keken doki a birnin Munik na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya ƙirƙiro tsarin, kuma Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, har yau da sunansa ake kiran tsarin. Haka nan yadda aka ɗan kwantar da sandar da taya ke juyawa a kanta shi ne ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa idan an fita daga kwana.

Wasanni masu inganci suna lissafa duk wannan. Matsalar tana ga abin da ke hannun mai wasa. Wanda ke danna madannin kwamfuta yana da zaɓi biyu kacal, ko ya juya gaba ɗaya ko bai juya ba. Wanda ke riƙe da abin wasa na hannu yana cusa zagaye biyu da rabi a cikin motsin babban yatsa da bai wuce santimita biyu ba. Mai karkata waya kuma ba shi da wani abu da ke ja da hannunsa. Don kada mota ta riƙa wuntsulawa, wasan yana saka mataimaki a ɓoye, wanda ke rage karkatar taya idan gudu ya ƙaru, ya kuma sassauta duk wani motsi na gaggawa. Mai wasa yana zaton shi ke tuƙi, alhali rabin aikin na'ura ce ke yi.

Sai an haɗa wasa da sitiyarin roba mai zagayen digiri 900, irin Logitech G29, tare da fedar birki, totur da kuloci, sannan hannu ke fara koyon abin da ya yi kama da gaskiya. Waɗannan kayan suna da tsada, kuma kaɗan ne daga cikin masu wasa ke da su.

Tafin hannu huɗu

Duk nauyin mota da duk gudunta sun dogara ne a kan wurare huɗu inda taya ke taɓa kwalta, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta nan birki ke kamawa, ta nan totur ke turawa, ta nan kuma ake juyawa. Shi ya sa masu shirya wasanni suke cewa taya ce mafi wuyar kwaikwayo a cikin mota.

Taya ba ta bin daidai inda aka nuna mata. A cikin kwana robar tana ɗan murɗewa, sai a samu 'yar tazara tsakanin inda taya ke kallo da inda take tafiya. Yayin da tazarar ke ƙaruwa, riƙon taya na ƙaruwa, har ya kai ƙololuwa a digiri kaɗan, daga nan sai ya fara raguwa. Bayan wannan iyaka, ƙara juya sitiyari ba ya ƙara juya mota. Wani farfesa a Jami'ar Fasaha ta Delft da ke ƙasar Holan, Hans Pacejka, shi da abokan aikinsa suka fitar da lissafin da ke bayyana wannan hali a shekarun 1980, kuma kamfanonin mota da masu shirya wasanni sun daɗe suna amfani da shi.

Darasi na biyu shi ne riƙon taya kamar kuɗin cefane yake, yana da iyaka. Abin da aka kashe wa birki ba zai samu ga kwana ba. Direban da ya danne birki da dukkan ƙarfinsa a tsakiyar kwana ya cinye riƙon gaba ɗaya, sai mota ta miƙe ta bar hanya duk da cewa sitiyari a juye yake. Idan tayoyin gaba ne suka fara sakin kwalta, kan mota ke ƙin juyawa. Idan na baya ne, gindin mota ke zamewa ya nemi wuce gaba.

Na uku shi ne nauyi yana yawo. Birki na tura shi gaba, totur na mai da shi baya, kwana na kwantar da shi gefe guda. Direban da ya fizge sitiyari don kauce wa rami, sannan ya fizgo shi ya dawo, ya jefa nauyin mota daga gefe zuwa gefe, kuma sau da yawa juyi na biyu ne ke kayar da mota.

A waɗannan abubuwa uku, wasanni irin Assetto Corsa da BeamNG.drive suna faɗin gaskiya. Matashin da ya ga motarsa ta zame sau ɗari a allo don ya taka birki a kwana ya fahimci abin da direbobi da yawa ba sa fahimta sai a gadon asibiti.

Lissafin birki da kwana

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, da 100 a tagwayen hanyoyi. Bas da tasi iyakarsu 90 a tagwayen hanyoyi, tanka da tirela kuma 60. Ilimin motsi ya nuna dalilin waɗannan alƙaluma.

Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta isa birki, ya riga ya tafi mita 42. A busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, birki zai buƙaci ƙarin kimanin mita 56. Jimilla kusan mita 100 ke nan, tsawon filin ƙwallon ƙafa. Idan kwalta ta jiƙe har riƙonta ya ragu da kusan rabi, tafiyar birki kaɗai za ta kusanci mita 100.

Abin lura shi ne tazarar birki ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. A gudun kilomita 50, mita 14 sun isa. Ninka gudu sau biyu yana ninka tazarar sau huɗu. Haka abin yake a kwana. A kwanar da faɗin da'irarta daga tsakiya ya kai mita 100, ƙarfin da ke tura mota gefe a gudun kilomita 60 bai kai kashi 30 cikin 100 na nauyinta ba. A gudun kilomita 90 ya haura kashi 60 cikin 100. Ƙaramar mota mai tayoyi masu kyau za ta iya jurewa a busasshiyar hanya, amma babbar motar da aka yi wa lodi mai tsawo tana iya kifewa tun ƙarfin bai kai kashi 40 cikin 100 ba.

Wasan da aka gina bisa gaskiya yana bin wannan lissafi sau da ƙafa. Wasan nishaɗi kuwa yakan tsayar da mota a cikin 'yan mitoci, ya bar wa mai wasa ma'aunin ƙarya a ƙwaƙwalwa. Wannan ma'auni shi ne mafi haɗari a cikin abin da ake ɗauka daga allo zuwa hanya.

Tirela, tanka da gangaren Akwanga

Wasannin manyan motoci suna da farin jini a tsakanin matasa, kuma suna koyar da wasu abubuwa na gaske. Euro Truck Simulator 2 yana nuna cewa tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwana ta ciki, don haka dole direba ya buɗe kafin ya shiga. Yana koyar da komawa da baya, inda juya sitiyari dama ke kai bayan tirela hagu. Yana kuma tilasta wa mai wasa duba madubi. Ko ɗan acaɓa da ya fahimci wannan zai daina kutsawa tsakanin tirela da bakin titi a shataletale.

Amma akwai abubuwan da wasan ya sauƙaƙa ƙwarai. Taswirarsa an matse ta kusan sau 19, ma'ana tafiyar Keffi zuwa Abuja ba za ta kai kilomita uku ba a cikinsa. Direban allo bai san gajiyar kwana biyu a hanya ba. Tankar da aka cika rabi tana ɗauke da ruwan da ke kaɗawa gaba da baya da gefe, yana tura mota bayan direba ya gama juyawa, kuma wasanni kaɗan ne ke nuna wannan yadda ya kamata.

Mafi muhimmanci shi ne zafin birki. Duk wanda ya san tsohuwar hanyar Akwanga zuwa Lafiya ya san gangaren dutsen da ke kusa da Nasarawa Eggon, wanda matafiya suka laƙaba wa sunan Turanci mai nufin da yawa sun tafi, saboda yawan rayukan da aka rasa a wurin. A doguwar gangara, birki yana mayar da nauyin mota da gudunta zuwa zafi. Idan direba ya dogara da birki kaɗai, ƙarfen yana yin zafi har ya daina kamawa. Ƙwararrun direbobi suna sauke giya tun kafin su fara gangarowa, su bar inji ya riƙe mota. Mai wasan da bai taɓa jin warin birki mai ƙonewa ba yana iya saukowa dutse sau dubu a allo bai koyi wannan ba.

Abin da kujera ke faɗa wa direba

Direba ba da ido kaɗai yake tuƙi ba. A cikin kunnen ɗan Adam akwai sashen da ke jin karkata da sauyin gudu. Baya da cinyoyi suna jin lokacin da gindin mota ya fara zamewa tun kafin ido ya gani. Tafin ƙafa yana jin taurin birki. Mai wasa a kujerar ɗaki ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni.

Sitiyarin wasa mai ƙaramin inji a ciki yana cike wani ɓangare na giɓin. Yana yin nauyi idan taya ta kama, ya yi sakwa-sakwa idan ta fara saki. Har masu shirya wasanni sukan ƙara masa girgizar da sitiyarin gaske ba ya yi, don su aika wa hannu saƙon da a mota jiki ne ke karɓa.

Girman giɓin yana bayyana idan aka dubi abin da masu bincike ke kashewa don rufe shi. A Jami'ar Iowa ta Amurka akwai na'urar kwaikwayon tuƙi ta ƙasa, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 2000. An saka jikin mota na gaske a cikin wata ƙubba, ƙubbar kuma tana gudu a kan dogo a cikin zaure mai faɗin kusan mita 20 ta kowane gefe, domin kawai jikin direba ya ji birki da kwana. Duk da haka wasu mutane sukan ji jiri da tashin zuciya a irin waɗannan na'urori, saboda ido yana cewa ana tafiya, kunne kuma yana faɗin wani abu dabam.

Ido ma an rage masa. Mutum yana ganin kusan digiri 180 daga hagu zuwa dama, kuma da gefen ido yake auna gudu, da shi yake hango yaron da zai tsallaka. Allon kwamfuta ɗaya yana nuna kashi ɗaya cikin uku na wannan ko ƙasa da haka, fuskar waya kuwa ba a magana.

Sai kuma tsoro. A wasa, bayan karo akwai madannin sake farawa. Wanda ya saba da hakan ya koyi neman iyakar mota ta hanyar ƙetare ta. A hanyar gaske, motar asibiti ce ke biyo baya, zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ga wanda ya yi sauran kwana.

Motar wasa sabuwa ce, hanyarta ma haka

Ko da lissafi ya yi daidai, ana yin sa ne da alƙaluman motar da ta fito daga kamfani. Tayoyinta huɗu iri ɗaya ne, iskarsu daidai, shokozobanta lafiya lau. Motar haya da ke lodi a tasha sau da yawa tana da tayoyin tokumbo daga kamfanoni dabam-dabam, wata zanenta ya suɗe, sitiyarinta yana da wasa, but ɗinta a buɗe an ɗaure buhunan doya ko gawayi da igiya. Lodin da ya yi yawa a baya yana ɗage gaban mota, ya rage riƙon tayoyin da ke juyawa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta. Lamba 2319, alal misali, tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Babu wasan da ke tambayar mai wasa ya duƙa ya duba wannan lamba.

Haka nan motocin wasa suna da na'urar hana taya kullewa a birki da na'urar daidaita mota idan ta fara zamewa. Amurka ta wajabta ta biyun a kan sababbin ƙananan motoci tun daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Da yawa daga cikin motocin da ke bin hanyoyinmu sun girmi waɗannan dokoki, wasu kuma na'urar ta lalace an bar fitilar gargaɗi tana ci.

Hanya ita ma ta bambanta. Ruwan farko na damina yana taso da man da ya taru a kwalta tsawon rani, ya mai da ita santsi. Hazon hunturu yana rage nisan gani. Daga barin kwalta zuwa hanyar burji ta ƙauye, riƙon taya yana faɗuwa nan take, kuma jar ƙasar da ta sha ruwa takan zama kamar sabulu. Wasanni irin MudRunner da SnowRunner sun gwada kwaikwayon laka da taɓo, amma da motocin daji masu tafiya a hankali.

Babban bambanci shi ne mutane. Motocin da kwamfuta ke tuƙawa a wasa suna bin layi, suna kunna sigina, suna tsayawa a danja. A Mararaba da Masaka direba yana raba hanya da Keke Napep, 'yan acaɓa, masu talla, masu tsallakawa a ƙarƙashin gadar ƙafa, da mai tahowa a hannun da ba nasa ba. A wajen gari akwai garken shanu da motar da ta lalace aka jera mata ganye a madadin alamar gargaɗi. Akwai ma ƙaramin tarko ga masu wasan bas na Indonesiya: a can hannun hagu ake bi, Najeriya kuwa ta koma hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972.

Waɗanda suka fito daga allo zuwa filin tsere

Masu kare wasannin suna da hujja mai ƙarfi. A 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka buɗe gasar GT Academy, inda ake zaɓo gwanayen Gran Turismo a mai da su direbobin tsere. Lucas Ordóñez na ƙasar Sifen ya lashe ta farko, Jann Mardenborough na Birtaniya ya lashe ta 2011, kuma dukansu sun yi tsere a gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa. Max Verstappen, wanda ya kasance zakaran tseren Formula One daga 2021 zuwa 2024, sananne ne wajen yin gasa a iRacing.

Sai dai waɗannan matasa sun shafe watanni ana horar da su a motoci na gaske kafin su samu lasisin tsere. Filin tsere kuma wuri ne da kowa ke fuskantar gefe guda, babu mai tsallakawa, kuma an auna kowace kwana an saka ta a kwamfuta. Abin da labarinsu ya tabbatar shi ne wasa na iya koyar da sarrafa mota. Zama da jama'a a hanya fanni ne dabam.

Inda makarantun tuƙi za su amfana

Amfani da na'ura wajen koyar da tuƙi ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1950 makarantun birnin New York suka fara zaunar da ɗalibai a kujerun Drivotrainer suna kallon fim ɗin hanya. Birtaniya ta saka gwajin hango haɗari ta bidiyo a jarrabawar lasisi a 2002. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan horar da direbobin manyan motoci ta yarda a yi har sa'o'i 8 daga cikin 20 na tuƙi a fili na musamman ko a na'ura mai inganci. Ko'ina dai, na'ura tana ɗaukar wani kaso ne, sauran a bar wa hanya.

A Najeriya, tsarin daidaita makarantun tuƙi na FRSC ya tanadi cewa mai neman sabon lasisi, wanda ya kai shekara 18, sai ya yi aƙalla sa'o'i 26 na horo a makarantar da hukumar ta amince da ita, sannan jami'an VIO su gwada shi. Sa'o'in wasa ba sa cikin wannan lissafi.

Duk da haka, makarantar tuƙi a Keffi da ke da kwamfuta ɗaya da sitiyarin wasa za ta iya nuna wa ɗalibi abin da ba za a gwada a titi ba: fashewar tayar gaba a gudun kilomita 100, birki a jiƙaƙƙiyar kwalta, da abin da fizgar sitiyari ke yi wa bas mai lodi. Kuma da yake Euro Truck Simulator 2, Assetto Corsa da BeamNG.drive suna ba kowa damar gina taswira da motoci na kansa, ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Nasarawa, ko cibiya irin Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya, za su iya gina hanyar Keffi zuwa Akwanga da kwanoninta, kasuwannin bakin hanya da irin motocin da ke binta. Ranar da aka yi haka, wasan zai fara magana da yaren hanyarmu.

Yadda za a gane wasa mai faɗin gaskiya

Iyaye da malamai za su iya auna wasa da gwaje-gwaje masu sauƙi. A taka birki a gudun kilomita 50, a sake takawa a 100, a ga ko tazarar ta ninka kusan sau huɗu. A kunna ruwan sama a ga ko tazarar ta ƙaru. A danne birki a tsakiyar kwana a ga ko mota ta miƙe. A yi wa babbar mota lodi a ga ko halinta ya sauya. A daki bango a ga ko sitiyari ya karkace daga nan. Wasan da ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje abin nishaɗi ne, kuma a ɗauke shi a haka.

Wanda ya ci gwajin ma iyakarsa ya shirya kai da hannu. Auna gudu da ido, jin mota da jiki, duba taya kafin a tashi, da haƙuri da ɗan acaɓan da ya shigo ba sallama, waɗannan sai a kujerar gaba, da malami a gefe, a gudun da za a iya tsayawa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma matashin da ya ci kowace gasa a waya har yanzu ɗan koyo ne ranar da ya fara hawa kwaltar Keffi.